Lemar da ta yage tun kafin damina

Kawuna ya yi shekara goma sha biyu yana cikin shugabannin PDP na mazaɓarsu, a wani gari na ƙasar Haɗeja. Muƙamin bai taka kara ya karya ba. Shi ne mai shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida in za a yi taro, shi ke ajiye littafin rajista, shi ne kuma ya san gidan da aka yi haihuwa da gidan da aka yi rashi, don a je barka ko ta'aziyya da sunan jam'iyya. Cikin sanyin ƙarshen 2014 na je gida, na iske shi bayan la'asar ya shimfiɗa tabarmi uku, mutum shida ne a kai, biyu daga cikinsu ma maƙwabta ne da hira ta kawo. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Kawu, ina jama'ar taku?" Ya gyara zama ya ce, "Suna nan, ɗan nan. Ba wanda ya dawo mini da katinsa. Gwamna kam suna son sa. Amma maganar kujerar sama, sun riga sun gama shawara, kuma ba a yi ta da ni ba."

A lokacin Sule Lamido yana kan kujerar gwamnan Jigawa, yana PDP, bai je ko'ina ba. A takarda jihar tana hannun Shugaba Goodluck Jonathan. Da aka ƙirga ƙuri'un 28 ga Maris 2015, Buhari ya tashi da sama da 880,000 a Jigawa, Jonathan bai kai 150,000 ba.

Abin da ya tuna mini da tabarmin Kawu shi ne abin da ake ta ji a rediyo a 'yan shekarun nan. Gwamna ya sauya sheƙa zuwa jam'iyya mai mulki, a kafa rumfuna, a kawo makaɗa, a miƙa masa tsintsiya, masu sharhi kuma su ɗauko taswira su shafa wa jiharsa sabon launi kamar an gama zaɓe an sanar. Gwamnan Delta ya koma APC a Afrilun 2025, na Akwa Ibom ya bi shi a Yuni, wasu suka biyo baya. Ni kuwa abin da na gani da idona ya hana ni yarda da wannan lissafi. Shugaban ƙasa zai iya riƙe shugaban jam'iyya da sakatare da daliget da gwamnoni a tafin hannunsa, alhali jam'iyyar ta riga ta zare jiki ta ƙasa, daga wajen masu zama kan tabarma. Jonathan ya kayar da kusan duk wanda ya ja da shi a cikin gida. A gaban akwati aka kayar da shi.

Tushen rigimar rasuwar Umaru Musa 'Yar'aduwa ce, ranar 5 ga Mayu 2010. PDP tana da tsarinta na karɓa-karɓa tsakanin Kudu da Arewa. Obasanjo ya yi shekara takwas, Arewa ta karɓa, ba ta cika ko zango ɗaya ba Allah ya yi ikonsa. Dattawan Arewa ƙarƙashin Malam Adamu Ciroma suka ce ragowar ta Arewa ce, suka tsayar da Atiku Abubakar. A zaɓen fidda gwani na Janairun 2011 Jonathan ya sami daliget 2,736, Atiku ya sami 805, kuma gwamnonin Arewa da dama su suka kai wa Jonathan nasu daliget ɗin. Tsarin mulkin ƙasa ya ba shi damar tsayawa, wannan ba abin gardama ba ne. Sai dai jam'iyya tana da wani tsarin da ba a rubuta shi a kundi, wato maganar da aka yi a ɗaki aka yi musabaha a kai. A Fabrairun 2013 gwamnan Neja, Mu'azu Babangida Aliyu, ya faɗa a rediyo cewa akwai yarjejeniyar zango ɗaya da shugaban ya sa wa hannu. Fadar shugaban ƙasa ta musanta. Ko ma wane ne mai gaskiya a tsakaninsu, abin da ya zauna a kunnen talakan Arewa shi ne an yi alkawari an saɓa, kuma Bahaushe ba ya ɗaukar saɓa alkawari da wasa ko a cinikin akuya ne.

Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. A Yunin 2011, wata biyu kacal bayan Jonathan ya ci zaɓe da ƙuri'a sama da miliyan 22, uwar jam'iyya ta ce Mulikat Akande-Adeola take so ta zama kakakin majalisar wakilai. 'Yan majalisar PDP suka haɗa baki da 'yan adawa suka zaɓi Aminu Waziri Tambuwal da ƙuri'a 252, ita ta sami 90. Sannan ranar 1 ga Janairu 2012 aka wayi gari an janye tallafin mai, lita ta tashi daga N65 zuwa N141. Mutane sun tafi garuruwansu hutun ƙarshen shekara, kuɗin motar dawowa ya gagare su. Kano ta fito, Kaduna ta fito, Ilori ta fito, Legas ta tsaya cik. Gwamnati ta sauko zuwa N97. Abin lura a nan shi ne da yawa daga cikin waɗanda suka cika dandali a Legas su ne suka zaɓe shi wata tara da suka wuce, saboda sun ji labarin yaron da ya je makaranta ba takalmi, suka ce wannan namu ne, ya san talauci.

A irin wannan gaɓa shugaba yana da hanya biyu. Ko ya sauko ya ji abin da ke damun mutane, ko ya koma ya ƙara ɗaure ƙofofin jam'iyya don kada wani ya ƙwace masa tikiti. Na kusa da Jonathan ta biyun suka nuna masa. A Maris 2012 aka ɗora Bamanga Tukur a shugabancin PDP na ƙasa, shi kuma ya shiga kokawa da gwamnan jiharsa, Murtala Nyako, kan wa zai riƙe jam'iyya a Adamawa. Aka kafa wa gwamnonin PDP ƙungiyarsu daban ƙarƙashin Godswill Akpabio don a rage wa gwamnan Ribas Rotimi Amaechi, shugaban ƙungiyar gwamnonin Najeriya, ƙarfi. Aka dakatar da Amaechi daga jam'iyya, aka dakatar da Aliyu Magatakarda Wamakko na Sakkwato na ɗan lokaci. Duk wanda ya yi tari, sai a ce takara yake so.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a wannan zango shi ne zaɓen shugaban ƙungiyar gwamnonin Najeriya, ranar 24 ga Mayu 2013. Gwamnoni 35 suka kaɗa ƙuri'a a ɗaki ɗaya. Amaechi ya sami 19, Jonah Jang na Filato, wanda fadar shugaban ƙasa ke so, ya sami 16. Hoton bidiyon ƙirgar ya fito, kowa ya gani. Duk da haka Jang ya ce shi ya ci, ya buɗe ofishinsa daban, fadar shugaban ƙasa kuma ta yi mu'amala da shi a matsayin shugaban ƙungiyar. Talakan da bai san ma akwai wata ƙungiyar gwamnoni ba, ya san 19 ta fi 16. Na ji maganar a teburin mai shayi, na ji ta a cikin motar haya, na ji ta a bakin malaman firamare. Tambayar da kowa ke yi ɗaya ce: wanda bai yarda da ƙuri'ar mutum 35 da ya san su da suna ba, yaya zai yi da ta miliyoyin da bai taɓa gani ba? Kujerar da aka yi wannan faɗa a kanta ba ta cikin tsarin mulki, ba ta da kasafin da zai canza rayuwar kowa. An sayar da mutunci mai tsada an sayi abin da bai kai ba.

Ranar 31 ga Agusta 2013, ana tsakiyar babban taron jam'iyya a Dandalin Eagle da ke Abuja, shugaban ƙasa yana zaune, Atiku da gwamnoni suka miƙe suka fice, suka nufi Cibiyar Shehu Musa 'Yar'aduwa suka sanar da sabuwar PDP ƙarƙashin Abubakar Kawu Baraje. Gwamnoni bakwai ne a tafiyar: Rabi'u Musa Kwankwaso na Kano, Wamakko, Nyako, Lamido, Babangida Aliyu, Abdulfatah Ahmed na Kwara, da Amaechi. Wata ɗaya kafin nan INEC ta yi wa APC rajista, bayan haɗewar ACN da CPC da ANPP da wani ɓangare na APGA. Ranar 26 ga Nuwamba biyar daga cikin bakwai suka shiga APC, Lamido da Babangida Aliyu suka tsaya. A Disamba 'yan majalisar wakilai 37 suka bi, a watan kuma Obasanjo ya rubuta wa Jonathan wasiƙa mai shafi 18 wadda duniya ta karanta.

Martanin fadar shugaban ƙasa lissafin manya ne zalla. Aka sauke Bamanga a Janairun 2014 aka kawo Ahmadu Adamu Mu'azu, tsohon gwamnan Bauchi. Kwankwaso ya tafi, aka jawo Malam Ibrahim Shekarau, daga baya aka ba shi ministan ilimi. Wamakko ya tafi, aka jawo Attahiru Bafarawa. Majalisar Adamawa ta tsige Nyako a Yuli. Gwamna ya fita, a maye gurbinsa da tsohon gwamna, a ce an rama. A kan allo lissafin ya daidaita. Ba wanda ya tsaya ya tambayi masu shimfiɗa tabarmi abin da suke ji.

Ranar 14 ga Afrilu 2014 da sassafe bom ya tashi a tashar mota ta Nyanya, ya kashe sama da mutum 70, yawancinsu masu sammakon neman abinci. Shugaban ƙasa ya je wurin ya jajanta, gaskiya ne. A daren ranar aka kwashe 'yan mata 276 daga makarantar sakandare ta Chibok. Washegari, 15 ga wata, Jonathan ya sauka Kano taron karɓar Shekarau cikin PDP. Aka yi kiɗa, aka taka rawa, aka yi wa Kwankwaso shaguɓe daga kan mumbari. Ina tsaye a wani kanti a unguwarmu da daddare, talabijin ɗin mai kantin yana nuna taron, wata dattijuwa ta zo sayen sabulu. Ta tsaya da kuɗinta a hannu tana kallo, can ta ce, "Innalillahi. Ko sadakar uku ba za a bari a yi ba?" Ta karɓi sabulunta ta fita. Ba ta ambaci jam'iyya ba, ba ta ambaci addini ko ƙabila ba. A ƙasar Hausa in an yi rashi a maƙwabta, mai biki yakan sallami makaɗa ko da ya biya su. Wannan matar ta auna shugabanta da ma'aunin da take auna maƙwabcinta, ta ga bai cika ba. Sai da aka yi kusan mako uku kafin ya yi wa ƙasa magana a fili kan 'yan matan.

Daga nan garuruwa suka riƙa faɗawa hannun Boko Haram. Gwoza a Agusta, Bama a Satumba, Mubi a Oktoba. Ranar 28 ga Nuwamba aka kai hari babban masallacin Juma'a na Kano ana shirin tayar da salla. A daidai waɗannan watanni ƙungiyoyin tazarce suna zagaya shiyyoyi suna cika filayen wasa suna tara sa hannu, gwamnonin PDP da kwamitin amintattu da kwamitin zartarwa kuma suka amince da Jonathan a matsayin ɗan takara tilo. Da Tambuwal ya koma APC a ƙarshen Oktoba aka janye masa masu tsaro. Ranar 20 ga Nuwamba 'yan sanda suka rufe ƙofar majalisa, suka harba hayaƙi mai sa hawaye, aka ga 'yan majalisa da manyan riguna suna haura ƙyaure. Zaman da aka kira ranar kuwa na duba tsawaita dokar ta-ɓaci ne a Borno da Yobe da Adamawa. Mutumin Mubi da ke kwana a makarantar firamare a Yola ya ga inda ƙarfin gwamnatinsa yake tafiya.

Ba zan ci amanar gaskiya in ce Jonathan bai yi wa Arewa komai ba. A zamaninsa aka kafa jami'o'in tarayya a Dutse da Dutsin-Ma da Kashere da Gusau da Birnin Kebbi da Gashuwa. An gina makarantun almajirai na zamani. Jirgin ƙasa ya dawo zirga-zirga tsakanin Legas da Kano. Kawuna da kansa ya sami takin zamani mai rangwame ta saƙon waya, ya kuma yi ta faɗa a majalisa cewa bai taɓa ganin taki ya iso hannun manomi ba tare da ya bi ta gidan wani babba ba sai a lokacin. Amma mutumin da ke fargabar zuwa masallaci da kasuwa ba ya ƙirga jami'o'i. Kuma waɗanda ya kamata su kai wa shugaban wannan magana, su ne aka riga aka kira maƙiya aka kora, aka bar 'yan amshin shata.

Sakamakon 2015 ya kamata duk mai lissafin gwamnoni ya zauna ya karanta shi jiha jiha. Lamido ya tsaya a PDP, Jigawa ta tafi. Babangida Aliyu ya tsaya, Buhari ya ci Neja da sama da 650,000, shi kansa gwamnan ya nemi kujerar sanata ya faɗi. Bauchi tana da gwamnan PDP, ga shugaban jam'iyya na ƙasa ɗan jihar, Jonathan bai sami ko 100,000 ba. Kaduna tana da mataimakin shugaban ƙasa Namadi Sambo da gwamna, ta tafi. Wani zai ce ai waɗannan da ma Buhari ya ci su a 2011. Haka ne, amma a 2011 Jonathan ya sami sama da 400,000 a Jigawa, ya sami sama da 400,000 a Kano, a 2015 rabonsa a Kano ya koma 215,779. To a bar Arewa maso Yamma. Binuwai tana da gwamnan PDP da shugaban majalisar dattawa David Mark, Buhari ya ci ta. Kogi tana da gwamnan PDP, ta tafi. Gwamnan Ondo, Olusegun Mimiko, ya shigo PDP watanni kaɗan kafin zaɓe, aka yi murna an sami jiha, Buhari ya ci Ondo. A ɗaya ɓangaren, Amaechi ya bar PDP har ya zama shugaban yaƙin neman zaɓen Buhari, amma Ribas ta ba Jonathan kusan miliyan ɗaya da rabi, Buhari bai kai 70,000 ba. Gwamna ya fita, jama'a sun zauna. Gwamna ya zauna, jama'a sun fita.

Jimilla Buhari ya sami 15,424,921, Jonathan 12,853,162. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne Buhari ya ƙaru da kimanin miliyan uku ne a kan na 2011, Jonathan kuwa ya ragu da kusan miliyan goma. Na'urar tantance katin zaɓe da Farfesa Attahiru Jega ya kawo ta rage aringizo, wannan na ciki. Amma akwai kuma ɗimbin mutanen da ba su koma wajen Buhari ba, sun dai ƙi fita ne. Ba su yaga kati a gaban kyamara kamar yadda aka yaga na Obasanjo a Abekuta ba. Gida suka zauna.

Ranar 31 ga Maris Jonathan ya ɗaga waya ya kira Buhari ya taya shi murna tun ba a gama sanar da sakamako ba. Tambayar nan ta teburin mai shayi ta sami amsa, kuma amsar ta fi abin da muka zata kyau. Wanda ya tuna jinin da aka zubar bayan zaɓen 2011 ya san rayukan da wannan kira ya tsare, kuma ina ganin har abada ana bin mu bashin faɗin haka. Yana kuma nuna cewa mutumin ya fi shawarar da aka riƙa ba shi.

Na san abin da masu siyasa za su ce: kana raina gwamnoni, alhali ba don su ba da Buhari bai shiga fadar Aso Rock ba. Akwai gaskiya a ciki. Sau uku ya tsaya da farin jininsa, a 2003 da 2007 da 2011, bai kai ba. Sai da aka haɗa shi da Tinubu da Kudu maso Yamma, da kuɗin gwamnoni, da motocinsu, da wakilan akwati da za su kasa su tsare su raka. Kwara ta bi Saraki a 2015. Gwamna yana da amfani, ban musa ba. Abin da nake musu shi ne wa ke gaba, wa ke baya. Kwankwaso da Wamakko ba su janye jama'arsu daga PDP ba. Sun leƙa waje ne suka ga hadari ya haɗu, suka san in suka tsaya ƙarƙashin lemar nan guguwa za ta tafi da su, kamar yadda ta tafi da waɗanda suka tsaya. Gwamna yana iya tsare ƙuri'ar da jama'a suka riga suka yi niyyar bayarwa. Juya niyyar kuwa ya fi ƙarfinsa.

Shaidar haka ta zo a 2018. Buba Galadima ya sanar da wani ɓangare na APC da ya ɓalle, Saraki yana shugaban majalisar dattawa ya fice, kakakin majalisar wakilai Yakubu Dogara ya fice, Kwankwaso ya fice, gwamnonin Sakkwato da Binuwai da Kwara suka fice. A ido, 2013 ce ta dawo. Amma talakan Arewa bai gama da Buhari ba a lokacin, sai ya sake cin zaɓe a 2019 da tazarar kusan miliyan huɗu, Saraki kuma ya rasa kujerarsa a Kwara da gidansu ya riƙe shekara da shekaru. Ficewar manya iri ɗaya, sakamako daban, domin zuciyar jama'a ce ta bambanta.

Mu ma masu zaɓe muna da namu laifin, kuma ba na son in tsallake shi. A 2011 mutanenmu sun iya wake da shinkafa: su zaɓi gwamnan da suka ga aikinsa a wannan jam'iyya, su zaɓi shugaban ƙasa a waccan. A 2015 aka ce sak, muka yi sak. Duk wanda ya manna hotonsa kusa da na Buhari ya haye, har da waɗanda jiya jiya suke cikin lema suna cin moriyarta. Mun cire biyayyarmu daga jam'iyya muka rataya ta a wuyan mutum ɗaya, ba mu tambayi wa zai zama sanata ko ɗan majalisar jiha ba, ba mu tambayi me za a yi da makarantu da asibitoci ba. Addini da yanki sun yi tasiri a ƙuri'armu kamar yadda suka yi a ta mutanen Ribas da Anambra, kuma ƙarya ne a ce ba haka ba. Da mutum ɗayan ya gama zangonsa, rashin tsaro ya baro Arewa maso Gabas ya mamaye Zamfara da Katsina da Sakkwato, sai biyayyar ta rasa inda za ta sauka.

Shi kansa Buhari ya ɗanɗana abin da Jonathan ya sha, ta wata fuskar. A Yunin 2022 shugaban APC Abdullahi Adamu ya sanar da Ahmad Lawan a matsayin ɗan takarar maslaha, gwamnonin Arewa na jam'iyyar suka ce ba su san zancen ba, mulki Kudu zai koma, Tinubu ya ci da daliget 1,271. A Fabrairun 2023 gwamnonin Kaduna da Kogi da Zamfara, duk 'yan APC, suka kai gwamnatin tarayya Kotun Ƙoli kan canjin kuɗi. Zaɓen da ya biyo baya ya ƙara rusa lissafin taswira. APC tana da gwamnoni sama da 20, Tinubu ya ci jiha 12 da ƙuri'a ƙasa da miliyan tara. Ya rasa Legas. Katsina, mahaifar shugaba mai ci, ta tafi wajen Atiku. Kano ta bi Kwankwaso, Ganduje yana gwamna. Gwamnan Filato Simon Lalong yana shugaban yaƙin neman zaɓen Tinubu, Filato ta zaɓi Peter Obi. Ifeanyi Okowa yana gwamnan Delta kuma mataimakin ɗan takarar PDP, Delta ta zaɓi Obi. Wannan Deltar ce aka ce ta koma APC a 2025 don gwamna da tsohon gwamna sun karɓi tsintsiya.

Adadin da ya fi ba ni tsoro ba na wanda ya ci ko ya faɗi ba ne. A 2011 sama da rabin masu rajista sun fita. A 2015 kashi 44 cikin ɗari ne, a 2019 kimanin 35, a 2023 kimanin 27. Mutum sama da miliyan 93 suka yi rajista, waɗanda suka kaɗa ƙuri'a ba su wuce miliyan 25 ba. Wannan ita ce sauya sheƙar da ba a kafa mata rumfa, ba a kuma kiran makaɗa. Masu mulki na iya ganin ta zame musu sauƙi, tunda in mutane kaɗan suka fita, taliya da atamfa da 'yan kuɗin cefane sun isa su juya akwati. Ni ina ganin haɗari ne ga kowa, har da su. Mutumin da ya cire rai da akwati bai daina jin yunwa ba, bai daina fushi ba, mun kuma ga inda fushin ya ɓulle a zanga-zangar Agustan 2024 a Kano da Kaduna da sauran garuruwa.

Don haka da zan sami kunnen duk wanda ke kan kujerar shugaban ƙasa, ko wanda ke neman ta, da na roƙe shi ya rage ƙirga gwamnoni. Gwamnan da ya shigo yau ya shigo da magoya bayansa, ya tarar da 'yan asalin jam'iyya da suka yi shekara goma suna yaƙar sa, kuma kujerar sanata ɗaya ce a kowace mazaɓa, tikitin gwamna ɗaya ne. Ranar fidda gwani wani zai yi kuka, wanda ya yi kuka kuma ya san hanyar zagon ƙasa. PDP ta taɓa cika irin wannan cikar. A 2008 shugabanta Vincent Ogbulafor ya ce shekara 60 za su yi suna mulki, suka yi 16. Da na roƙe shi ya nemi mutum biyu ko uku a cikin jam'iyyarsa da ba sa neman kwangila a wajensa, ya bar su su gaya masa nawa ake sayar da buhun taki da kwanon masara, nawa ne kuɗin mota daga Haɗeja zuwa Kano tun bayan janye tallafin mai a Mayun 2023, da ƙauyuka nawa ne ke biyan 'yan bindiga haraji kafin su yi girbi. In sun faɗa, kada ya ce takara suke so.

Da ƙaramar sallar da ta wuce na koma gaishe da Kawu. Ya tsufa, ya bar harkar jam'iyya, amma littafin rajistar yana nan cikin akwatinsa na ƙarfe, tare da takardun gona. Na roƙe shi ya ɗauko. Ya sa tabarau, ya buɗe shafin farko, ya ɗora yatsa yana bin sunayen ɗaya bayan ɗaya. "Wannan Allah ya yi masa rasuwa. Wannan yana tsintsiya. Wannan ya bi jar hula. Wannan yana nan cikin lema har gobe. Wannan ya ce shi da layin zaɓe har abada. Wannan ma haka. Wannan ma." Na ce, "Kawu, kai fa?" Ya rufe littafin ya ce katinsa na zaɓe yana nan, yana jira ya ga wanda zai zo garin ba ranar kamfe ba.